Mai Kallo da Kunne

"Malam Illiassou dai yanzu da kunne yake kallon fim."

Chaibou ne ya faɗa, ɗalibin nan ɗan Tawa mai dogon wuya, yana tsaye a bakin kantin Alhaji Nouhou a unguwar Château Rouge ta Paris yana ɓare gyaɗa. Ba da ita yake ba. Bai ma san Hassia na durƙushe a bayan buhunan gero tana jera kwalaben man ja ba. Abokinsa ya ce, "Kai dai ba ka da kunya," suka yi dariya, suka koma musun ƙwallo. Ita kuwa ta tsaya da kwalba a hannu har man ya fara bin yatsunta ba ta sani ba.

Malam Illiassou mahaifinta ne. A ranakun aiki shi ne direban Alhaji Nouhou, yana jan wata farar kamyonet, ƙaramar motar kaya, yana kai kaya Lille, yana kai Lyon, duk inda 'yan ƙasa suka buɗe kanti. Amma in ka tambayi Hausawan Paris wane ne shi, ba wanda zai ce maka direba. Za su ce mai Zauren Kallo. A shekarun nan ƙananan gidajen rediyo sun fito kamar tururuwa, kowa ya samu ɗaki da eriya sai ya kama magana. Wata irin wannan rediyon ta baƙi ta ba shi fili mai wannan suna ran Lahadi, yana zancen tsoffin finafinai, da kiɗa, da kokowa, da ƙwallo, duk da Hausa. Mutane na ɗauka a kaset su aika wa 'yan'uwa.

Ba a Paris ya koyi abin ba. Tun yana saurayi a Damagaram, a sinimar nan marar rufi, shi ne ke zama tsakiyar benci mutane su kewaye shi, yana mayar musu da Faransancin allo zuwa Hausa. Kuma ba fassara kawai yake yi ba. Yakan gaya maka abin da ke cikin zuciyar mutum tun kafin mutumin ya buɗe baki. Fim ɗaya sai ya kalle shi har ya haddace tarin da ɗan wasa zai yi.

Ran Asabar ɗin da ta wuce ya tafi da Hassia wata 'yar sinima a unguwar ɗalibai, inda ake nuna tsoffin finafinai marasa kala. Fim ɗin da aka sa, 'yan Damagaram sun raɗa masa suna Mai Tutar Jirgi. Labarin wani mai tsaron tashar jirgin ƙasa ne, da matarsa, da ƙanensa da ya dawo daga yaƙi ya sauka a gidansu. Can wajen ƙarshe ƙanen ya ɗauki jakarsa ya tafi, matar ta tsaya a taga. Sai magana ta ɗauke ɗif, kiɗa kaɗai ya rage. Matar ta yafa mayafi, ta buɗe ƙofa, ta shiga cikin dusar ƙanƙara tana tafiya, tana faɗuwa, tana tashi, har tashar. Ta ga ƙanen mijin ta gilashin jirgi. Ba ta ɗaga masa hannu ba. Jirgi ya tafi, ta juyo. An daɗe ana wannan tafiyar, Hassia har ta manta da numfashi.

Washegari tana wanke shinkafa a gidansu na unguwar Beaudottes, a Sevran da ke bayan Paris, rediyo na kan taga, ta ji muryar mahaifinta.

"Ku dubi matar nan, jama'a. Tun daga farkon fim har ƙarshensa ƙafarta ba ta taka dokin ƙofa ba. Mai fim ɗin ya tsare ta a taga, kiɗa ya yi ta kuka a madadinta. Wannan ita ce gwaninta."

Ta ce a ranta gyangyaɗi ya yi. Mutum ya kwana a hanya, ya shiga ɗaki mai duhu da ɗumi, dole barci ya sace shi. Da wannan ta lallashi kanta har zuwa ranar da Chaibou ya yi maganarsa. Da abokin ya sake jawo zancen, ta ji sauran bayanin. Wai finafinan da ke isa Damagaram a da, sai sun gama yawon duniya, sun tsinke an liƙe, sun ƙone an yanke. Wanda Malam ya haddace ba shi da tafiyar ƙanƙarar sam. Daga taga sai jana'iza.

"Na Damagaram ya ba mu," in ji Chaibou. "Na Paris ɗin yana zaune a gabansa, bai gan shi ba."

Daga ranar Hassia ta sa ido. Dama ita mai kallo ce, ba mai magana ba. Tun tana kwalej malamai ke cewa sai an yi da gaske ake jin muryarta. Ta ga in zai zuba shayi sai ya ɗora yatsa a bakin kofi, ya tsaya in zafi ya taɓa shi. Ta ga ya daina zuwa gidan shan kofi kallon ƙwallo a talabijin, ya ce wai na rediyo ya fi daɗi, masu sharhin talabijin ragwaye ne. Ta ga in wasiƙar Inna, mahaifiyarta, ta zo daga gida sai ya miƙo mata, ya ce, "Ke, karanta, in ji ko bokon naki na nan." Ta ga yadda yake juya kai gefe in ana masa magana, kamar kaza tana duban hatsi. Wata rana ta bar kujera a tsakiyar ɗaki da gangan. Ya kauce mata. Ta ji sanyi a ranta har yamma. Washegari ta ajiye cokali a gabansa a kan farin faranti, ya yi ta laluben tebur.

Kowane dare in ya tafi hanya, takan kwanta tana jin motocin da ke wucewa, ko wace ƙara ta ji sai gabanta ya faɗi. In wayar maƙwabta ta yi kuka sai ta miƙe zaune.

Amma ba ta tambaye shi ba. Ita ce 'yar fari. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, sai "ke", sai "yarinyar nan". Ba ya kallon idonta, ba ta kallon nasa. Shekara biyu suna gida ɗaya a ƙasar mutane, ita ke dafa masa, ita ke wanke masa, amma kunyar nan na tsakaninsu kamar labule. Ta yaya za ta ɗaga shi ta ce Baba idonka ya mutu? Kuma in ya ce e fa? Mota ta tafi, sinima ta tafi, Zauren Kallo ya tafi. Me ya rage na Malam Illiassou? In kuma ta yi shiru, hanya na nan tana jiransa kowane mako.

Ana haka sai ya dawo wata yamma da fara'a, yana cire hula tun daga ƙofa.

"Mutanen Lyon sun aiko. Ƙungiyar 'yan ƙasa ta Vaulx-en-Velin. Sun ji kaset ɗin Mai Tutar Jirgi, sun samo fim ɗin, wai in zo in yi musu irin na Damagaram. Matansu ba sa jin Faransanci sosai. Ran Asabar. Dama akwai kayan Alhaji da zan kai."

Hassia ta dubi tabarma. "Baba, ko a jirgin ƙasa za ka? An ce sabon nan mai gudu..."

"Buhu ashirin zan ɗora a kaina in shiga jirgi?"

Can ta ce, "To zan bi ka. In gaida Gwaggo."

Ya ɗan juya kai gefe yana dubanta. "To," ya ce.

Suka fita bayan sallar asuba, gari ya fara haske. Kafin su bar Paris ta gane yadda yake yi. Hanyar ma ya haddace ta ne kamar fim. Ya san inda za a karkata, ya san inda kwalta ke da tudu, har yakan rage gudu kafin kwana ta bayyana. Allunan hanya kuwa sai ya ce, "Ke, me suka rubuta can? Ina gwada ki ne." Ta karanta. Da suka hau babbar hanya ya samu wani ƙaton kamiyo fari, babbar motar kaya, ya maƙale a bayansa. Kamiyo ya yi gudu, ya yi gudu. Kamiyo ya rage, ya rage. Ƙananan motoci na fitowa ta hagu suna wuce su fuu, kowace sai ta kusa gogarsu kafin ya ankara, kafaɗarsa ta yi tsalle.

Hassia ta damƙe bakin kujera da hannu biyu. Tana karanta duk addu'ar da ta sani a cikin ranta, in ta ƙare ta sake daga farko.

Ya kunna rediyo. Aka faɗa wata tasha inda mace ke rera waƙar opera, murya sama kamar za ta tsaga gilashi.

"Kin ji ta ko?" ya ce. "An soke ta da wuƙa ke nan. Mu a wurinmu in an soki mutum sai ya yi salati ya faɗi. Su kuwa sai ya tashi tsaye, ya buɗe hannu, ya yi waƙa har mutane su je su sha ruwa su dawo bai mutu ba." Ya yi dariya. "Amma saurari nan. Saurari yadda gogen ke bin ta a baya, kamar uwa na bin yaro mai koyon tafiya. Wanda ya rubuta wannan ya san rabuwa."

Ta saurara. Gaskiya ne, haka gogen yake. Abin da ke ba ta tsoro ke nan, komai ya faɗa gaskiya ne, kuma yana faɗa yana tuƙi, ido a kan wani farin abu da ba ta san iyakar abin da yake gani a jikinsa ba.

Wajen tsakiyar hanya kamiyon ya kunna wuta ya ratse wurin hutawa. Malam Illiassou ya bi shi. Sai da suka tsaya tsakanin manyan motoci ya yi turus, ya waiga dama da hagu.

"Dama ina son in miƙe ƙafa," ya ce.

Suka ci burodi da ƙwai. Bai tashi ba sai da ya ji wani kamiyon ya tayar da inji, ya yi maza ya bi shi.

Rana ta yi sama lokacin da suka iso bakin Lyon, haske ƙwal a kan gilashi. Kamiyon da suke bi ya riga ya rabu da su. A gabansu hanya ta shige cikin dutse, wani dogon rami mai fitilu ja-ja. Hassia ta ga bakin ramin na tahowa, baƙi ƙirin. Ta ji mahaifinta ya ja numfashi.

Suna shiga ya taka birki. Motar baya ta yi kururuwa, wata ta biyo, ramin ya cika da ƙara. Kamyonet ta fara jan dama a hankali, a hankali, bango na matsowa ta gefenta har tana ganin baƙin hayaƙin da ya manne masa.

"Baba, bango."

Bai ji ba, ko muryarta ba ta fito ba.

"Baba, bango! Hagu!"

Ƙarau! Madubin gefenta ya tashi. Ƙarfe ya goga siminti da wata ƙara da ta shiga haƙoranta. Ya fizgo sitiyari, wata mota ta kauce musu da ƙyar, direbanta na zagi ta taga.

"Daidai," ta ce. "Haka. Miƙe. Ɗan dama kaɗan. Miƙe."

Ba ta san lokacin da ta fara ba, kuma bai ce ta daina ba. Haka ta yi ta faɗa, yana bi, gumi na ɗiga daga haɓarsa, har wani ɗigon haske ya bayyana can gaba, ya girma, ya haɗiye su. Suka fito kan gada, ga kogi a ƙasa yana ƙyalli.

Haka suka isa Vaulx-en-Velin. Da ya kashe mota a gindin dogayen gidajen, ya zauna hannunsa a kan gwiwa.

"Fitilun ramin nan sun lalace," ya ce. "Ya kamata a gaya wa hukuma."

"E, Baba," ta ce.

Gwaggo Shafa'atu, ƙanwarsa, ta sauko da gudu da goyo a baya, 'yan mata biyu ƙanana na riƙe da zaninta. Mace ce mai jiki da murya, in tana gaisuwa har hawa na biyar ana amsawa.

"Yaya! Sannunku da hanya! Ina gajiya? Ina mutanen Paris? Ina Alhaji? Kai, Hassia, ke kullum kamar an aiko ki da saƙon mutuwa, yi dariya mana! Yaya, me ya cinye maka madubi?"

"Wani ɗan iska ne a kan babur."

"Allah ya isa! 'Yan Lyon ba su iya tuƙi ba, na sha faɗa."

A ɗakin girki Hassia na yanka albasa, ta tattara duk ƙarfinta ta ce, "Gwaggo, Baba fa..."

"Ya rame, na gani. Ba kya sa masa mai a miya ne? Miƙo min gishirin can. Af, na ma manta ban gaya miki ba, gobe tare za mu koma. Matar Bukari ta haihu a Sevran, jibi suna. Ni da jaririn a gaba tare da Yaya, ke da yaran nan ku zauna a baya kan buhunan da ba komai a ciki. Allah ya kawo mana mota har gida, in tsaya biyan jirgi?"

Wuƙar ta tsaya a hannun Hassia. Ta dubi ƙaramar yarinyar, wadda ke zaune a ƙasa tana cusa wa 'yar tsana shinkafa a baki.

"Albasar ce?" in ji Gwaggo. "Wanke ido da ruwan sanyi."

Bayan azahar aka taru a zauren unguwa. An ja labule masu kauri, an jera kujerun roba, mata a gefe da yara, maza a gefe, wasu ɗalibai a tsaye a baya sun harɗe hannu. Wani Mounkaila, mai aiki a masana'anta, shi ya aro injin haska fim, yana ta fama da shi yana hana yara taɓawa. Aka ajiye wa Malam Illiassou kujera a tsakiya, kamar yadda ya nema. Hassia ta jawo tata ta zauna dab da bayansa. Ba wurin 'yar fari ba ne, ta sani. Wata tsohuwa ma ta harare ta.

Inji ya fara ƙara, haske ya faɗa kan bango. Da kiɗan farko ya tashi, sai ga wani mutum daban a kan kujerar. Muryarsa ta cika zauren ba tare da ya ɗaga ta ba.

"To, jama'a, ga tashar. Ga maigidan da tutarsa. Ku dube shi da kyau, mutumin kirki ne, amma irin kirkin da ke sa mace hamma."

Mata suka fashe da dariya.

"Ga ƙanen ya sauko. Ku ga takalminsa. Wanda ya dawo da irin wannan takalmin, ba ƙafarsa kaɗai ta gaji ba. Yanzu zai ce ina wuni. Ku saurari yadda za ta amsa. Kun ji? Ta amsa wa bango, ba shi ba. Hajiya, in mace ta amsa wa bango, me ke nan?"

"Akwai magana!" in ji wata daga cikin mata.

"Akwai magana."

Kafin ƙofa ta buɗe a allo ya riga ya ce za a buɗe. Kafin maigidan ya yi tari ya ce, "Sannu." Yara suka daina guje-guje. Ɗaliban baya suka sauke hannu. Hassia ba ta taɓa ganinsa haka ba, sai dai labari, kuma da ba don abin da ta san yana tafe ba da ta ji daɗi. Tana jin fim ɗin na matsowa wurin nan kamar yadda bakin ramin ya matso.

Ƙanen ya ɗauki jaka. Matar ta tsaya a taga. Magana ta ɗauke, kiɗa ya shigo.

"Shi ke nan, ya tafi," in ji Malam Illiassou, murya ƙasa-ƙasa. "Ita kuwa ga ta nan a taga. Nan za ta tsaya. Ba za ta motsa ba. Ku dubi haƙuri, jama'a, ku dubi mace da ta san..."

A bango matar ta riga ta yafa mayafi ta buɗe ƙofa.

"...ta san darajar ɗakinta. Ko ƙafa ɗaya..."

Aka fara gunaguni. Wani yaro ya yi dariya aka make shi.

"Malam," in ji tsohuwar nan da ƙarfi, "ai ta fita!"

Hassia na ganin bayan wuyansa. Ta ga ya juya kai gefe, ya sake juyawa ɗaya gefen, yana neman allon ta gefen ido. Fari ne duka, ƙanƙara da sama, matar 'yar ɗigo ce a tsakiya. Kiɗa na tafiya, inji na ƙara, mutane sun fara waigowa.

Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa kafaɗarsa.

"Ta fita, Baba," ta raɗa. "Tana cikin ƙanƙara. Har gwiwa. Tana bin hanyar tasha."

Bai motsa ba. Ta ɗauka ba zai karɓa ba. Sai ya gyara murya.

"Yawwa, Hajiya! Ashe ba barci kuke ba. Na ce bari in gwada mutanen Lyon, an ce min da ido buɗe kuke barci." Dariya ta tashi, har da tafi. "Ta fita! Wa zai tsaya? Ku dube ta, ƙanƙara har gwiwa, ko takalmin kirki babu."

"Ta faɗi," in ji Hassia.

"Ta faɗi! Tashi, baiwar Allah, ba mai tayar da ke a nan."

"Ta tashi. Mayafin ya fita, ba ta ɗauka ba. Ga tashar. Jirgi na tsaye. Yana ciki, ta gan shi ta gilashi. Shi bai gan ta ba."

Yana karɓa yana juyawa, yana ƙara masa gishiri, zauren ya yi tsit. Wata mata na share hawaye da bakin gyale. Jirgi ya yi kuka. A cikin ƙarar, ba tare da ya waigo ba, ya yi magana da wata ƙaramar murya da ba ta san yana da ita ba.

"Ta shiga?"

"A'a, Baba. Ta tsaya."

"Za ta koma gida?"

"Ta juyo."

Ya gyaɗa kai a hankali. Fim ɗin ke nan da ya fi shekara ashirin yana ba mutane labarinsa.

Da aka buɗe labule mutane suka yanyame shi. Wannan ya ce ya tuna masa da Damagaram, wancan ya ce sai an sake. Mounkaila ya riƙe hannunsa ya ce, "Wallahi Malam, wurin nan da ka yi kamar ba ka sani ba, har ni ka kama." Gwaggo na ta shelar cewa yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya amsa wa kowa, ya yi wa kowa barkwanci. Hassia kaɗai bai ce wa komai ba. Da za su fita ya bi ta gabanta kamar ba ta wurin, a wurin cin abinci ma ya zauna can nesa da ita.

Da safe aka fara sauko da kaya. Gwaggo ta cika kwanuka da dambu da soyayyen nama na suna, ta naɗe atamfa a leda, tana ta kiran yara. 'Yan matan an yi musu kitso, an sa musu riguna iri ɗaya, tuni sun haye bayan kamyonet suna tsalle a kan buhuna.

"Kawu, za mu bi ta cikin ramin nan?" in ji babbar. "Ina son ramin!"

"Za mu bi," ya ce.

Yana tsaye a gaban motar da tsumma, yana goge gilashi. Gilashin fes yake, ita da kanta ta ga ya wanke shi da ruwa ɗazu. Ya goge, ya ja baya, ya karkata kai, ya dawo ya sake goge wuri ɗaya.

"Na manta kwalbar jariri!" in ji Gwaggo. "Hassia, riƙe min shi. Yaya, tayar da mota, yanzu zan sauko."

Ta danƙa mata jaririn ta juya. Yaron na da ɗumi da nauyi, yana warin madara, ya kama bakin mayafinta ya cusa a baki. Ƙafafunta suka ɗauke ta, ba ta san ta yanke shawara ba, sai ga ta tsaye a jikin ƙofar direba, bayanta ya rufe hannun ƙofar.

Malam Illiassou ya jefa tsumman a aljihu, ya zagayo yana kaɗa makulli. Ya miƙa hannu zai buɗe ƙofa, hannun ya taɓa kafaɗarta. Ya janye da sauri.

"Ke ce? Matsa mana."

Ba ta matsa ba. Daga sama tana jin muryar Gwaggo na sallama da maƙwabta, tana saukowa. A bayan mota yaran sun fara waƙa.

"Yarinyar nan, rana na yi."

Ta ɗaga kai. Tun da take ba ta taɓa duban cikin idon mahaifinta ba sai yau. Idon na kallon wani wuri kusa da kunnenta.

"Baba," ta ce, wannan karon muryarta ta fito. "Don Allah ka gaya min. Yanzu da nake tsaye a gabanka, me kake gani?"